Chawri Bazar: Titin Da Ake Shirya Wa Auren Indiya Goron Gayyata

A tsohon birnin Delhi, wanda Sarki Shah Jahan ya gina a tsakiyar ƙarni na 17 ya kuma raɗa masa sunansa, wato Shahjahanabad, alƙibla yamma take. Wannan yana cikin abubuwan farko da ke ruɗa Bahaushe baƙo, mutumin da a bakinsa duban gabas da yin salla duk magana ɗaya ce. To a bayan bangon alƙiblar babban masallacin Juma'ar birnin, wanda aka kammala gininsa a 1656, akwai wani titi da ya miƙa yamma har mararrabar Hauz Qazi. Da a ce hanya a buɗe take, tafiyar minti goma ce a ƙasa. Sai dai hanyar ba ta buɗewa sai ranar Lahadi da kasuwa ba ta ci. Sauran ranaku kuwa, kekuna masu ƙafa uku da ake tuƙawa da ƙarfin ƙwauri, da amalanke cike da takarda, da 'yan dako ɗauke da kwalaye a ka, da babura, da masu tafiya a ƙasa, duk sukan haɗu su cushe wuri guda, wayoyin lantarki kuma sun harɗe a sama kamar saƙar gizo. Sunan titin Chawri Bazar, kuma shi ne babbar kasuwar katin gayyatar aure ta birnin Delhi, wadda sunanta ya zagaye Indiya.

Taron ƙara wa juna sani ne ya kai ni Delhi a cikin watan Nuwamba, lokacin da hayaƙi da ƙura ke lulluɓe birnin kamar hazon hunturu a Arewa, sai dai nasu ya fi namu yaji a ido da maƙogwaro. Hanya mafi sauƙi ta zuwa kasuwar ita ce jirgin ƙarƙashin ƙasa. Tashar, wadda aka buɗe a 2005, tana ɗauke da sunan kasuwar, tana kuma cikin mafiya zurfi a birnin, domin sai da aka haƙa fiye da mita 20 don kada a taɓa harsashin tsofaffin gine-ginen da ke sama. Mutum yakan baro wuri mai sanyi da tsabta, ya hau matakalar lantarki hawa bayan hawa, ya ɓullo tsakiyar hayaniyar da ta girme shi da ƙarni biyu.

Ana danganta kafuwar kasuwar da shekarar 1840. Da kayan tagulla da jan ƙarfe da kayan gini ta fara suna, kuma har gobe ana sayar da su a ɓangaren Hauz Qazi. A wancan zamani benayen titin mazaunin zabiyoyi ne da 'yan rawa da ke nishaɗantar da masu sarauta da attajirai. Wannan babi ya rufe tuntuni. Abin da ya gaji benayen shi ne takarda, domin yawancinsu yanzu rumbunan ajiyarta ne. Idan mutum ya doshi masallaci, shagunan ƙarfe sukan fara ja baya, na kati su mamaye titin hagu da dama, har zuwa inda Nai Sarak, titin masu littattafai, ya ɓalle ya nufi Chandni Chowk.

Shagon kati a nan ba shi da girma. Wani bai fi rumfar mai tireda ba, amma daga ƙasa har silin bangonsa a rufe yake da samfura: ja, ruwan goro, ruwan ƙwai, shuɗi, mai ruwan zinare, mai duwatsu masu ƙyalli, mai naɗi kamar wasiƙar sarakunan da, har da wanda aka yi shi kamar akwati da gurbin zuba alewa ko busassun 'ya'yan itace. Fari zalla ko baƙi ba su cika yawa ba a katin mabiya addinin Hindu, saboda a al'adarsu ba launukan murna ba ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne masu sayen. Ba a aiko yaro da kuɗi da 'yar takarda. Uba ne da uwa da inna da kawu, wani lokaci da amaryar kanta, za su zauna a kan benci, a kawo musu shayi mai madara a ƙananan kofuna, a yi ta baje musu kati ana kwashewa. Na tsaya a wani shago fiye da rabin sa'a ina kallon wasu iyali suna muhawara a kan ja biyu da ni ban ga bambancinsu ba. Mai shagon bai ƙosa ba. Ya san cewa wannan 'yar takarda ita ce za ta fara shiga gidan surukai kafin kowa, ita za a jujjuya a auna nauyinta a tafin hannu a yanke hukunci a kan gidan da ta fito.

Kowane kati yana faɗin addinin mai shi tun daga goshinsa. Na Hindu yakan ɗauki hoton Ganesh, abin bautarsu mai kan giwa, wanda suka ɗauka shi ke kawar da cikas, kuma gidaje da yawa sukan kai katin farko wurin bauta kafin a fara rabo. Na Sikh yana da tasa alamar. Na Musulmi kuwa, ko dai a rubuta Basmala da kyakkyawan rubutu, ko a sa lamba 786 a madadinta. Lambar jimillar haruffan Basmala ce a hisabin abajada irin na Gabas, kuma hujjar masu sa ta ita ce kati abin yarwa ne bayan biki, bai kamata sunan Allah ya ƙare a bola ba. Malamansu sun yi saɓani a kan halaccin wannan dabara. Ga masu sha'awar hisabi, a tsarin Magariba da malamanmu na zaure suka gada, inda sin take ɗari uku ba sittin ba, jimillar 1026 za ta ba da. Ko mutum ya yarda da lambar ko bai yarda ba, damuwar da ta haife ta damuwa ce ta gaske, kuma duk wanda ya taɓa ganin katin ɗaurin aure mai ɗauke da aya a cikin kwata a garuruwanmu ya san mu ma ba mu warware ta ba.

Shago ɗaya ke sayar wa duka addinan. Maƙerin kati ba ruwansa da wanda zai aura, aljihun Ganesh daban, na Basmala daban, a cikin durowa guda.

Kasuwar tana da kaka da rani. Mabiya Hindu sukan dakatar da aure har tsawon wata huɗu na damina, su buɗe shi da wata rana mai daraja a wurinsu da kan faɗo yawanci a Nuwamba, kuma masu duba taurari ne ke ware ranakun sa'a. Saboda haka aure dubbai kan taru a rana ɗaya, aikin kati kuma ya taru a makonnin da suka gabace ta. Na isa ne ana tsakiyar wannan kaka.

Amma shagunan bakin titi fuska ce kawai. Bugun kansa a cikin lunguna ake yin sa, lungunan da mutum biyu ba sa jerawa. Wani abokin aiki Ba'indiye, wanda ya yi mini jagora da tafinta, shi ya shigar da ni. Yawancin abin da muka gani bugun rariya ne: a ɗaure wani ƙyalle mai ƙananan ƙofofi a jikin katako, a toshe ko'ina sai gurbin rubutu, a zuba tawada a ja ta da roba, ta zubo a kan kati. Yara matasa ke yi, kati ɗaya bayan ɗaya, suna shanya su a kan taragu. Aiki ne mai araha da sauri, kuma irinsa ake yi a garuruwanmu wajen buga riguna da sitika. Abin da na je nema daban ne, kuma sai a ƙarshen wani lungu muka same shi, ƙararsa ce ma ta kai mu, wata irin ƙara mai tsari kamar numfashin babbar dabba.

Baƙin inji ne ƙirar Heidelberg ta Jamus, irin wanda kamfanin ya daina ƙerawa tun tsakiyar shekarun 1980. Yana da hannuwa biyu masu juyawa kamar fanka. Iska ce ke tsotso takarda ɗaya daga tari, hannu ɗaya ya cafke ta ya kai ta bakin injin, bakin ya rufe ya danna ta a jikin haruffan da aka shafa wa tawada, ya buɗe, hannun ya wuce da ita ya ajiye, a daidai lokacin da ɗan'uwansa ya riga ya kawo wata. Mai injin dattijo ne da ya haura sittin, farcensa ya rine da tawadar shekaru. Ya jawo mini wata durowa mai faɗi, an rarraba cikinta gida-gida, kowane gida da harafinsa. Na ɗauki ɗaya. Ɗan guntun ƙarfe ne mai sanyi da nauyin da ya fi girmansa, harafin yana tsaye a kansa a juye, kamar yadda ake gani a hatimi. Haɗin ƙarfen bai canza sosai ba tun zamanin Gutenberg, wanda ya fara wannan sana'a a birnin Mainz wajen 1450: dalma ce da kuza da wani ƙarfe dangin tozali, wanda shi ke ba harafi tauri da kaifin baki.

Ya nuna mini yadda ake jerawa. Mai jeri yakan riƙe ɗan ƙaramin tire na ƙarfe a hannun hagu, ya riƙa tsinto haruffa da dama ba tare da ya duba ba, domin hannu ya haddace gidajen. Yana jera su kai a ƙasa, yana karanta su a juye. Tazarar da ke tsakanin kalma da kalma, wadda mu muke ɗauka wofi ce, a wurinsa ƙarfe ce da sai an ɗauko an sa, mai kauri ko siriri, har layi ya cika tam. Idan layuka sun kammala sai a ɗaure su a cikin firam na ƙarfe, a matse da katakai har a iya ɗaga shi harafi ko ɗaya bai faɗo ba. Daga nan a buga gwaji. Inda bugu ya yi rauni, sai a yanko siririyar takarda a liƙa a bayan wurin don danni ya daidaita, a sake gwadawa. Launi ɗaya ake bugawa a zagaye ɗaya. Kati mai launi uku sau uku zai ratsa injin, kuma tsakanin launi da launi sai an wanke injin tas. In an gama, a kwance haruffa a mayar da kowanne gidansa, abin da ya ce shi ne aikin farko da ake ba yaron shago, kuma shi ne yake korar yara.

Akwai wani abu da ya ba shi dariya yana ba ni labari. Lokacin da yake koyo, maigidansa yakan juya takarda ya shafa bayanta da yatsa. Idan ya ji tudun rubutu, to an ɓata aiki, domin ƙa'idar magabata ita ce harafi ya taɓi takarda ya bar tawada kawai, kada ya nutse, don danni mai ƙarfi yana cinye haruffa, haruffa kuma jari ne. Yau masu kuɗi wannan nutson suke biya. Suna son a buga a kan takarda mai kauri da laushi, ta auduga, harafi ya shige ciki yadda ko makaho zai ji shi da yatsa. Abin da aka doke shi a kansa yana yaro shi ne abincinsa da tsufa. Wannan yayi daga Amurka ya taso a shekarun 1990, lokacin da mujallar bikin aure ta Martha Stewart ta riƙa nuna irin waɗannan katuna, mutane suka shiga neman tsofaffin injunan da maɗaba'u suka yasar. Zamani riga ne, in ji Hausawa, sai dai ban taɓa ganin inda aka juya rigar ciki ya koma waje kamar nan ba: bugun da aka guje shi saboda ya tsufa ya dawo ya fi kowane bugu tsada.

Gaskiyar magana, ba haruffan dalma ne suka ceci injin ba. Abu biyu ne. Na farko, injin da ke iya danna harafi yana iya danna wuƙa, saboda haka da shi ake yanka kwali a fitar da siffar ambulan, da shi ake karya layin naɗi, wasu kuma an ƙara musu wuta suna manna ruwan zinare. Na biyu shi ne auren da aka ɗaura tsakaninsa da kwamfuta. A wani ɗaki a saman bene, wata matashiya da ta karanci zane tana tsara kati a kwamfuta: ta haɗa haruffan farko na sunan ango da amarya su zama tambari, ta zana furanni ko ƙofar gidan kakannin amarya, ta zaɓi irin rubutun da ya dace. Daga nan a fitar da zanen a kan wata irin roba mai taurarewa idan haske ya taɓa ta, a wanke inda bai taurare ba, zanen ya tsaya da tudunsa kamar harafin dalma, a kawo wa dattijo ya buga. Ita ba ta iya tayar da injin ba, shi bai iya riƙe linzamin kwamfuta ba, kuma kowannensu ya san ba ya cin abinci sai da ɗayan. Takardar kuma sau da yawa daga Sanganer take zuwa, kusa da Jaipur, inda wasu zuriyoyi da ake kira Kagzi, wato masu takarda, suka gaji yin ta da hannu daga tsummokaran auduga.

Indiya ta daɗe da sanin injin ɗab'i. Na farko ya sauka a Goa a 1556, a hannun 'yan mishan, kuma asali Habasha aka nufa da shi, tafiyar ta tsaya a nan. Sai dai rubuce-rubucen ƙasar sun ba dalma wahala. Rubutun Hindi yana da haruffa masu haɗewa da juna, don haka durowarsa na buƙatar ɗaruruwan gidaje. Rubutun Urdu kuwa, mai gangarowa a karkace, ya ƙi zama a cikin ƙarfe yadda masu karatu za su gamsu, shi ya sa aka koma ga magwafa masu kyan hannu su rubuta, a ɗauki rubutun a buga ta hanyar dutse. Sai a 1981 aka samar da tsarin rubuta shi a kwamfuta. Mai karatu zai tuna da littattafanmu na zaure da ake sayarwa a kasuwar Kurmi, waɗanda hannun magwafi ne aka ɗauka aka buga, saboda idon almajiri ya saba da shi. Abin lura a Chawri Bazar shi ne duk wannan wahala ba ta sa sun bar harsunansu ba. Katuna da yawa da na ɗaga suna da shafi biyu, ɗaya da Ingilishi, ɗaya da Hindi ko Urdu ko Punjabi, kuma na gida shi ake miƙa wa dattawa.

Kasuwar ta sha bugu a 'yan shekarun nan. A ranar 8 ga Nuwamba 2016 gwamnatin Indiya ta soke takardun kuɗi na rupi 500 da 1,000 cikin dare ɗaya, ana gab da kakar aure, a kasuwar da kusan komai hannu da hannu ake yi. Wanda ya ga abin da canjin kuɗi ya yi wa kasuwanninmu a farkon 2023 ba ya buƙatar dogon bayani. A cikin wannan watan ne wani tsohon minista a jihar Karnataka, Janardhana Reddy, ya aurar da 'yarsa da katin gayyata mai ɗauke da ƙaramin allon bidiyo a cikin akwati, talakawa na layi a bankuna, abin da ya jawo masa suka a faɗin ƙasar. Sai annobar korona ta zo a 2020 aka taƙaita mahalarta biki zuwa mutum 50, wanda kuma zai gayyaci hamsin ba ya buga kati ɗari biyar. Jama'a suka koyi aika gayyata ta WhatsApp, da yawa ba su dawo ba. Abin da masu shaguna suka gaya mini bakinsu ɗaya: adadin da kowane gida ke bugawa ya ragu, amma masu hali suna kashe fiye da da a kan kaɗan ɗin da suke bugawa. Wanda ke tsakiya, mai buga wa malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci, shi abin ya fi dannewa.

Mu a ƙasar Hausa gayyata da goro muka san ta, har kalmar ta zauna a harshe, ana cewa goron gayyata ko da babu goro a wurin. A ƙulla goro da alewa, a aiki mutum takanas ya je ya durƙusa ya isar da saƙo, sanƙira kuma ya yi shela. Kati baƙo ne, kuma har yau bai koyi Hausa ba. Ɗan Hausa zai auri 'yar Hausa, waliyyai Hausawa, limamin da zai ɗaura da Hausa zai yi tambaya a amsa masa, amma katin daga sama har ƙasa Ingilishi ne, da kanun nan na “Wedding Fatiha” da ba Bature ba Balarabe da zai gane shi. Idan an yi sa'a an sa Hausa, to haruffa masu lanƙwasa sun ɓace, a rubuta za a daura aure a Daura, a bar mai karatu ya raba ɗaurin da garin, Ƙofar Mata ta koma Kofar, Ɗanladi ya koma Danladi. A shekarun 1930 ne waɗannan haruffa suka maye gurbin ɗigo da 'yan alamomin da ake sawa a da, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. A wancan lokaci ƙara harafi ɗaya yana nufin a sassaƙa shi a ƙarfe, a zuba shi a dalma, a kowane girma, babba da ƙarami, a yi masa gida a durowa. An yi. Yau da harafin yake kwance a cikin kowace waya, kyauta, shi ne muka ga ya yi mana nauyi.

Wani abin da ya fi wannan damuna shi ne aikin da muka fara ba kati. Ɗaurin aure a wurinmu taron kowa ne, mai wucewa ma yakan tsaya ya shafa fatiha ya karɓi dabino. Yanzu an samu ƙaramin kati na biyu, na shiga zauren dina, wanda ake ba wasu a hana wasu, a ajiye ƙarti a bakin ƙofa suna dubawa. Goro kira yake yi, wannan kuwa tacewa yake yi, kuma na san gidajen da zumunci ya yi rauni a kansa. Indiyawa ma suna da irinsa, sukan cusa wa kati 'yan takardu daban-daban, kowane biki da tasa, a zare wasu gwargwadon kusancin wanda za a ba. Ba duk abin da na gani a can ne nake fatan ya iso mu ba.

Kafin mu rabu na tambayi dattijon ko zai iya buga kati da Hausa. Na rubuta masa ɓ da ɗ da ƙ a bayan wata takarda. Ya duba, ya ce a durowarsa babu su, kuma masu zuba haruffan da zai iya sa su yi masa sun kusa ƙarewa, amma idan yarinyar sama ta tsara su a kwamfuta aka fitar a roba, injinsa ba ya tambayar harshe. Na sayo samfura guda shida. Da na dawo na kai wa wani mai maɗaba'a da ke yi wa sashenmu aiki, mutumin da mahaifinsa ya yi jerin haruffa da hannu. Ya shafa, ya ɗaga a haske, ya ce irin wannan injin akwai shi a bayan shagonsa, yankan kwalin magani yake yi da shi. Matsalarsa takarda ce. Masana'antun takarda uku da gwamnati ta kafa, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, kusan duk abin da yake bugawa a kai daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala. Mai kauri irin wannan sai an yi oda ta musamman daga Legas. Ya ce a cikin masu zuwa wurinsa yanzu, da yawa zanen kawai suke biya, a tura musu a waya, sai su ce a buga musu ƙwaya ashirin ko talatin na kai wa manya.